Littafin 'Yar Injiniya

"Ba inda za ni sai an gama babin nan," in ji Injiniya.

Ƙanin matarsa ya sake danna hon a ƙofar gida. Ita kuwa matar tana tsaye bakin ɗaki da jakar kayan asibiti, ta zuba mini ido kamar ni zan saɓa shi a kafaɗa.

"Sista, ki yi masa magana mana. Ke kaɗai yake tsoro."

Tsoro fa! Shekara talatin na yi ina aikin jinya kafin in yi ritaya, na ga taurin kai iri-iri, amma na maƙwabcina ya fi ƙarfin magani. Na kama wuyan hannunsa. Bugun yana gudu yana tuntuɓe, ƙafafu sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, leɓɓa sun yi toka-toka. Ba sai likita ya gaya mini ba, zuciyar nan ta gaji.

"Injiniya, wallahi ba ka da minti goma na wasa."

"To daina ɓata su. Zauna, saura misali ɗaya."

Aikin Injiniya shi ne, in manhajar kwamfutar wani kamfani ta rikice an rasa gane kanta, sai a kira shi. Ya je ya yi kwana uku, ya gano ciwon, ya faɗa musu gaskiya ko suna so ko ba sa so. A gefe kuma yana da shafi a intanet inda yake sharhin littattafan koyon rubuta manhaja. Dokarsa ɗaya ce: ba ya cewa uffan a kan littafi sai ya buga kowane misali da ke ciki a kwamfuta, ya ga ya yi aiki. Da ciwon suga ya cinye masa ido, sai aikin ya dawo kaina. Ni da ban san komai ba, ina bugawa da yatsu biyu kamar kaza na tsintar tsaba, ina karanta masa abin da ya fito.

Wannan littafin kuwa 'yarsa ce ta rubuta, ita kaɗai Allah ya ba su. Shekara shida da suka wuce ta fitar da na farko, ya zauna ya lissafa kurakurai sha ɗaya a gaban duniya, ya rufe da cewa marubuciyar ta yi gaggawa. Na ce masa, "Haba Injiniya, 'yarka ce fa!" Ya ce littafi ba shi da uba. Tun ranar ba ta sake taka gidan nan ba, uwarta kawai take kira a waya. Sai makonni uku da suka wuce aka kawo sabon littafin a leda, ba wasiƙa, ba ko gaisuwa.

Na ja kujera ina zaginsa a zuci. Misalin na jera sunayen masu jiran layi ne. Na buga, na danna.

"Ya yi! Ga sunayen nan reras. Tashi mu tafi."

"Saura. Goge sunayen duka, ki sake dannawa."

"Me kuma?"

"Kowa ya iya da cikakken kwano, Sista. Ba shi wayam mu gani."

Hon ya sake tashi, dogo. Matarsa ta ajiye jakar, ta fara kuka ƙasa-ƙasa. "Na kira 'yarmu tun safe," in ji ta. "Tana hanya, amma tafiyar awa biyar ce. Don Allah ka bari ta same ka da rai."

Na goge sunayen, na danna. Jan rubutu, alamar kuskure, ya cika allon.

Na dubi matar, ta dubi allon, ta girgiza mini kai a hankali. Ni ma abin da na raya ke nan. In na faɗa masa, zai sake yi wa yarinyar nan tonon silili, ya mutu ya bar ta da shi.

"Ya yi," na ce. "Lafiya lau."

Ya juyo da fuskarsa wajena, yana jan numfashi da ƙyar. "Wannan muryar da kike ce wa mutane allura ba zafi ce. Karanta mini."

Kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni. Na karanta masa harafi-harafi. Na miƙa hannu zan sake duba bugunsa.

"Ɗaya," ya ce. "A cikin arba'in da biyu. Buɗe shafina."

"Injiniya, ka ji tsoron Allah. In ka sake yi mata irin na wancan karon, ni ba da hannuna ba."

"Rubuta dai. In bai yi miki ba, ki goge."

Yana faɗa yana hutawa, kalma uku, numfashi, kalma uku. Na rubuta: "Na gwada misalai arba'in da biyu. Da na sami littafin nan ina saurayi, da na huta da wahalar shekara goma. Ku saya, ku karanta a hankali. Akwai kuskure guda ɗaya, wannan kuma zan gaya wa marubuciyar a gida."

Ban goge ba. Na danna, sharhin ya hau shafin.

"To," ya ce, "ku ɗauke ni."

Ni da ƙanin matarsa muka tallafe shi zuwa mota, ba takalmi. Na zauna baya, kansa a cinyar matarsa, yatsuna a wuyan hannunsa. Mun wuce gidan mai, mun wuce gada. A danja ta biyu, muna jiran wuta ta ba mu hannu, bugun ya tsaya. Na yi duk abin da na iya a wannan matsatsin. Da muka isa, likita ya duba, ya dube ni, ya san na sani. Har yau ina tambayar kaina ko minti ashirin ɗin nan da na ba shi ne suka tafi da shi.

Da la'asar 'yar tasa ta iso. Na ji tsayuwar mota, na ji kukan uwarta ya sake tashi. Can an jima sai ga ta a ɗakin aikinsa, inda na shiga in kashe kwamfutar da muka bari a kunne. Ta rame, ta sa tabarau, goshin nan na ubanta sak. Wayarta na hannu, shafinsa a buɗe.

"A hanya na gani, Anti," ta ce. "Sau nawa na karanta, ban sani ba." Ta ɗago ta dube ni. "Ya gaya miki inda kuskuren yake?"

"Misalin ƙarshe. In ba kowa a layin."

Ta matso ta dubi jan rubutun. Sai ta yi wata 'yar dariya, hawaye na zuba.

"Kai, Baba," ta ce. "Gaskiyarsa ne."

Ta zauna a kujerarsa, jakarta na rataye a kafaɗa ko sauke ta ba ta yi ba. Ta jawo madannan gabanta, ta share ido da bayan hannu, ta fara bugawa. Na ja mata ƙofar a hankali.