Baƙin Allon Azurfa

Wai a ce mutum ya yi wata da watanni yana shaƙar warin sinadari, a ƙarshe soson ƙarfe ya gama da shi! To, abin da ya sami Auta ke nan.

Auta malama ce a sashen kimiyyar sinadarai na jami'a. Yayarta na zaune a bayan wani kamfanin maganin ƙwari, ruwan wankin kamfanin kuwa tsiyaya yake yi har rijiyar unguwar. Auta ta auna ruwan da kanta, ta ga gubar da ke ciki, irin mai sinadarin kilorin manne a jikinta, wadda ba ta ruɓewa. Ruwan nan shi yaran Yaya ke sha.

Sai ta haɗa 'yar na'ura: tulun gilashi, wayoyi, da allon azurfa kamar tafin hannu. A hankali ta riƙa lulluɓe allon da ƙurar wani ƙarfe mai daraja, faladiyam, har ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Baƙin nan shi ne aikin gaba ɗaya. In wutar lantarki ta bi ta kansa, sai ya ɓalle kilorin daga jikin gubar, ƙarfinta ya karye. Allunan da suka lalace kafin wannan, ita ma ta daina tuna adadinsu.

Da ƙyar da siɗin goshi Manajan kamfanin ya yarda zai zo ya gani, sau ɗaya tak. In ya gamsu, a kafa babbar na'ura a bakin magudanarsu.

Furofesa, shugaban sashen, mutum ne mai son a yaba. Yana jin baƙo zai zo, ya sa aka yi fenti, aka sauya labule, ya ce wa Baba mai shara kada ya kuskura ya bar ko ɗigon datti.

Ranar zuwan baƙon da safe Auta ta shigo, ta tarar da allonta kwance a kan tawul yana ɗaukar ido. Babu ko alamar baƙin nan.

"Baba, wa ya taɓa wannan?"

Baba ya washe baki. "Ni ne, 'yata. Kai, baƙin nan ya ba ni wuya! Sai da na sa soson ƙarfe sannan ya fita."

"Inna lillahi! Baba, ka kashe ni."

Tsohon ya yi sororo, murmushin ya tsaya masa a fuska. Ta ina za ta fara yi masa faɗa? Mutum ya kai shekarun mahaifinta, kuma abin da aka sa shi ya yi. Ta juya ta nufi ofishin Furofesa.

"Ranka ya daɗe, a ɗaga zuwan nan. An goge min allo."

"A ɗaga? Mutumin da ya riga ya taso? Haba, Malama! Ba azurfar ba ce dai? Ai ita ma tana yi."

"Tana yi, amma ba a wannan ruwan ba. Sai mu wuni ba mu ga komai ba."

"Ki jona kawai. Da ma baƙin nan bai dace baƙo ya gani ba."

Ji fa! Mutumin da ya sa hannu a kan binciken.

Manaja ya iso da ƙamshin turarensa, aka jona wuta. Auta ta ɗebi ruwa ta auna, ta jira, ta sake aunawa. Guba na nan daram. Ta shiga bayani, yana duba agogo. Furofesa kuwa sai nuna masa sabon fenti yake yi.

"Gaskiya wurinku tsaf-tsaf," in ji Manaja. "In abin ya fara aiki, ku neme mu." Ko lambar wayarsa bai bari ba.

Tana kwance wayoyi sai ga kiran Yaya.

"Autarmu, ya ake ciki? Duk maƙwabta na faɗa musu ƙanwata ta gama da matsalar rijiya."

"Yaya, da saura tukuna."

"To, ba komai. Mu ci gaba da tafasawa, ko? Ai yana ragewa."

Auta ta san tafasawa ba ta taɓa wannan gubar ko kaɗan. Ta kuma san ba su da wani ruwan. Ta wayar tana jiyo ƙaramin yaron yana kukan a ba shi ya sha.

"Ku tafasa," ta ce.