Mikin da Ke Ƙwaurin Mai Famfo

Tun da na auri mijina bai taɓa wanke safarsa da hannunsa ba. Mutum ne da zai kwance famfon gida kaf ya mayar kafin ruwan shayi ya tafasa, amma a ba shi sabulu da bokiti sai ya tsaya yana kallonsu kamar bai san sunansu ba. Shi ya sa ranar da na leƙa bayan gida na gan shi a tsugune yana cuɗa safa, ya kuma shanya ta a bayan tanki inda ido ba ya kaiwa, gabana ya faɗi.

"Baban yara, yau kuma wace rana ce?"

"Hutar da ke nake yi," ya ce, bai ɗago ba. "Ko laifi ne?"

Na ce ba laifi ba ne, na koma ciki. Amma a gidan da ciwon daji ya shiga, duk wani sabon abu tsoro yake ba ka, ko da kyautatawa ce.

Mai Famfo ake ce masa a unguwa, don gyaran famfo ne sana'arsa. A bara aka gano ƙari a ƙodarsa, aka cire ƙodar, muka ce an rabu da bukar. Da aka sake ɗaukar hoto sai aka ga ya riga ya bar 'ya'ya a huhu. Likitar da ke duba shi, wata siririyar mata da ba ta kai babbar 'yarmu shekaru ba, ita ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Ta ce ƙari ba ya iya girma da kansa. Idan ya ɗan tasa yunwa takan kama shi, sai ya aika wa jiki saƙo, irin saƙon da rauni yake aikawa idan yana neman jini. Jiki kuwa bawan Allah, sai ya ɗauka rauni ne, ya shiga shimfiɗa masa sababbin jijiyoyi har bakin ƙofa. Ƙwayar da za ta ba shi ba kashe ƙarin take yi ba, saƙon take tarewa.

Ni dai kaina ya ɗaure, hawaye kawai nake sharewa. Shi kuwa har da gyara zama.

"Likita, ai satar ruwa ke nan," ya ce. "Mutum ya zo da dare ya huda babban layi, ya jona nasa bututun."

"Kamar haka, Baba."

"Ke kuma za ki ɗaure masa layin."

Ta yi dariya ta ce ya fi ɗalibanta saurin ganewa. Sannan ta daina dariyar, ta ce akwai sharaɗi. Tunda da wannan saƙon jiki yake haɗa rauni, duk wanda ke shan ƙwayar rauninsa ba ya saurin warkewa. Kada ya cire haƙori, kada ya bari a yi masa ko ƙaramin aiki, kuma in ya ji ciwo ko na ƙaya ne, ita za a fara gaya wa. Ya ɗora hannu a ƙirji ya yi alkawari, ni ce shaida.

Ƙwayar ta wahalar da shi. Tafin hannunsa ya yi ta saɓa, abinci ya daina yi masa ɗanɗano, gashin bakinsa ya yi fari fat. Amma ta yi aiki. Hoton da aka ɗauka daga baya ya nuna abubuwan sun ƙanƙance, tarin da ke hana shi kwanciya ya lafa. Ya riƙe kwalbar nan kamar ransa a ciki yake, ko jikokinmu bai yarda su taɓa ta ba. Aiki kuwa na hana shi, na kulle jakar kayansa a ƙasan gado, duk da na san hana Mai Famfo taɓa sifana daidai yake da hana akuya cin dusa.

Bayan safar sai na fara lura da sauran. Ya daina sa gajeren wandonsa na zaman gida. In zai shiga wanka sai ya murza sakata, mutumin da a da sai na yi ta faɗa kafin ya tura ƙofa. Akwai kuma wani wari-wari da nake ji a ɗaki, na ɗaga katifa, na duba bayan kabad ko ɓera ne ya mutu, ban ga komai ba.

Wata rana da azahar barci ya ɗauke shi a kan kujera, ƙafarsa ta hagu a miƙe kan tebur. Na durƙusa a hankali na ɗage ƙafar wandon. Ya naɗe ƙwaurinsa da tsumma, ya bi samansa da farin tef ɗin nan da yake naɗe bakin bututu. Na warware. Miki ne mai faɗin bakin kofi, gefensa ya yi fari, tsakiyarsa ya yi launin toka. Abin da ya fi kaɗa mini hanta shi ne babu jini. Na ciro tsumman da ya manne masa, ko ɗigo bai fito ba.

"Mayar ki rufe," na ji ya ce a kaina.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu. Tankin maƙwabta ne ya yi yoyo, tsohuwar da ke gidan ba ta da kowa. Ina saukowa bakin kwano ya karce ni. Ɗan karce ne fa, ko yaro ba zai yi kuka a kansa ba."

"Wannan ne ɗan karce? Tashi mu tafi asibiti."

Ya riƙo hannuna. Duk ramar da ya yi, hannun nan na murɗa ƙarfe yana nan da ƙarfinsa.

"Maman yara, zauna ki ji. In suka gani me za su yi?"

"Magani za su yi maka."

"Ƙwayar za su tsayar. Ba yadda za a yi ƙafa ta samu jini sai an kwance layin. In aka kwance wa ƙafa, an kwance wa ƙarin. Layi ɗaya ne, ke ma kina wurin ta faɗa." Ya nuna ƙirjinsa da yatsa. "Yana nan a zaune yana jiran ranar. Ƙafa biyu gare ni, in ɗaya ta tafi na yi sanda. Numfashi fa?"

 Da ma shirme yake yi, da na san yadda zan yi da shi, na saba. Amma magana ce ta mai hankali, kuma ta zauna mini a ciki kamar dutse. Ya ce in yi masa alkawarin ba zan faɗa ba. Ban yi ba, ban kuma ce a'a ba, na tashi na ɗora ruwan zafi.

Haka na zama abokiyar ɓoyonsa. Safe da yamma ina wanke mikin da ruwan ɗumi da gishiri, ina naɗe shi da bandeji mai tsabta, ina roƙon Allah ya haɗa bakinsa ba tare da kowa ya sani ba. 'Yarmu ta bugo waya tana tambayar jikin babanta, na ce da sauƙi. Mikin bai haɗe ba. Fatar da ke kewaye da shi ta fara ja, jan yana hawa sama a hankali. In na taɓa wurin sai in ji zafi kamar gefen tukunya. Gaba kura baya siyaki, ni kuma ina tsakiya da bandeji a hannu, tsoro na cina.

Ranar ganin likita ya sa wandonsa mai kauri da takalmi sau-ciki. Na san yadda ƙafar ke yi masa, don na ga gumin da ya keto masa wajen sa takalmin. Amma da muka shiga doguwar barandar asibitin, mai kujerun roba da warin maganin goge ƙasa, sai ya miƙe ya taka kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Har yana tsokanar mai share wurin, wai famfon bayinsu yana kuka, a kira shi ya lallashe shi.

Likita ta juyo mana da allon kwamfutarta. Ta nuna tsohon hoto da sabo, ta ce ƙarin bai ƙaru ba, ɗaya ma da ƙyar ake ganinsa. Ta auna jininsa, ta duba tafin hannunsa da cikin bakinsa. Ta ɗan tsaya a kan sakamakon gwajin jini, ta ce jikinsa kamar yana faɗa da wani abu.

"Baba, zazzaɓi fa?"

"Babu."

"Wani ƙurji, ko yanka, ko ciwon haƙori?"

"Lafiya lau nake, 'yata. Ki rubuta mini ƙwayata mu ba wasu wuri."

Ta ɗauki biro. Ina kallo, kan biron ya sauka a takarda. A ƙarƙashin tebur ya ɗora tafin hannunsa a gwiwata ya danna. Na tuna jan nan da na gani da safe, ya kusa kai gwiwa. 

"Likita, ki duba ƙafarsa ta hagu."

Hannun ya sauka daga gwiwata. Bai kalle ni ba, bai yi musu ba, ya sunkuya da kansa ya cire takalmin. Likita ta warware bandejin. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da na fi samun sauƙi. Ta kira nas, ta ce a kawo kayan wanki da allura, sannan ta mayar wa biron murfinsa.

"Baba, dole mu ajiye ƙwayar."

"Ki bar ƙafar," ya ce. "Na yafe ta."

"Ba ƙafar kaɗai ba ce. In wannan ruɓar ta shiga jini, ba za ta jira ƙarin ba, ita za ta riga shi. Ko yanke ƙafar aka yi, da ƙwayar a jikinka wurin ba zai haɗe ba."

"Har zuwa yaushe?" na tambaya.

"Sai mikin ya rufe, Mama."

"Shi na cikin fa? Zai jira?"

Ta dube ni ido cikin ido. "Ba zan yi miki ƙarya ba. A jikin wasu yakan yi lamo. A jikin wasu, da ya ji an sake shi yake tashi. Ba ni da hanyar sanin wanne ne nasa, sai mun sake hoto."

A motar haya bai ce mini uffan ba. Ya zauna jikin taga yana kallon shaguna, ni ina rungume da ledar magunguna. A gida ma haka. Ba zagi, ba tsawa, in na kawo abinci ya ce an gode, kamar baƙon da aka saukar. Shekarun da muka yi tare ban taɓa jin zafin wata kalma kamar wannan an goden ba.

Sauran ƙwayoyin da ke cikin kwalbar na kai wa ƙanwata ta ajiye. Na ce mata don kada ya sha a ɓoye ne. Gaskiya har da kaina nake gudu. Duk lokacin da ya yi gyaran murya sai in tsaya cak da abin da ke hannuna, ina saurare ko tarin ne ya dawo. Wata safiya ya yi tari sau biyu a jere, na tsinci kaina na sa mayafi har na kai bakin titi zan je in karɓo kwalbar. Na daɗe a tsaye masu babur suna yi mini magana, kafin na juyo gida.

Muka shiga jigilar wankin miki. Nas ɗin wata ƙatuwar mata ce mai fara'a, bakinta ba ya hutawa. Takan kankare mataccen naman tana ba shi labarin mijinta da ya gyara famfon kicin da igiyar roba. A farko mikin ya yi kunnen uwar shegu da duk abin da take sa masa. Jan dai ya janye, zafin wurin ya tafi, amma ramin yana nan fari, ba motsi.

Sai ran nan ta ɗaga audugar ta tsaya, ta matso da fitila.

"Mama, zo ki gani. Alhamdu lillahi."

Na leƙa. Ƙasan mikin ya cika da wasu ƙananan ƙwayoyin nama jajaye, masu sheƙi. Ta ɗan goga auduga sai ga jini ya tsattsafo, ja wur, ya gangaro ƙwaurinsa.

"Kin ga wannan? Sabon nama ne. Jijiyoyi sun fara tsirowa, jiki ya farka. Baba, in ka ci gaba a haka, kwanan nan za ka hau tsani." Ta dube mu tana murmushi, tana jiran mu taya ta murna.

Na zauna a bakin gadon. Mai Famfo ya daɗe yana kallon jinin. Sannan ya juyo ya dube ni, karo na farko tun ranar da na tona shi, kuma ba fushi a idonsa. Ya lalubo hannuna, ya ɗora a kan ƙirjinsa, ya danne da nasa.

"Sista," ya ce a hankali, "a nan kaɗai suke tsirowa?"

 Nas ta sunkuya ta ci gaba da naɗe bandejin.