Tukunyar Bakin Ƙofar Majami'a

Ni ce Emilia, shekara goma sha ɗaya ina shugabar zumuntar mata, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa cewa ina da ido ba. Wasu na cewa baki ne da ni. Su suka sani.

Majami'armu ta bayan Godogodo mutum biyar suka fara ta a 1939, a gindin ɗorawa, lokacin da duk wanda ya bi Yesu danginsa kan daina sa hannu a ƙwarya ɗaya da shi. Huɗu sun riga sun tafi wurin Ubangiji. Saura Baba Kumai, wanda ya kwaɓa ƙasar ginin farko da ƙafarsa, kuma tun daga ranar yake zama a bencin gaba na dattawa.

A ranin 1977 citta ta yi albarka, muka yanke shawarar rushe ginin ƙasa mu yi na bulo da kwano. Kowa sai murna, ban da Baba Kumai. Ya ce a yi duk abin da za a yi, amma kada a taɓa bakin ƙofa. Aka tambaye shi dalili, ya ce haka kawai. Nan na kasa kunne, don ruwa ba ya tsami banza.

Ba wanda ya bi ta tasa. Ranar Laraba da hantsi muna jidar ruwa, sai Arzika, maginin da muka ɗauko daga Kafanchan, ya ajiye diga ya ja da baya.

"Fasto, zo ka gani da idonka," in ji shi. "Ni Musulmi ne, ba na sa hannu a kayan cocinku."

Tukunya ce baƙa, daidai ƙarƙashin bakin ƙofa, an kife mata kasko an liƙe da yumɓu. Fasto Meshak yaro ne sabon fitowa daga makarantar Baibul, ya tsaya yana ta share gumi. Ni kuwa tuni lissafina ya fita. Uban Baba Kumai shi ne mai kula da kurmin dodo a zamaninsa. Wa ya manta? Na tuna wa mata yadda jariran ikkilisiya uku suka mutu a damina ɗaya. Na tuna musu ƙarar da ake ji a rufi ana tsakiyar wa'azi. Kafin rana ta faɗi, har matan da ke tallar kunu a bakin titi sun san cewa shekara talatin da takwas muna tsallake tsafi muna shiga sujada.

Dattawa suka kira Baba Kumai. Fasto ya ce, "Baba, kai ka binne?"

"Ni ne."

"Mene ne a ciki?"

Ya sunkuyar da kai. "Na yi yadda kakanni ke yi. Laifi ne, na sani."

Ya ƙi ƙara ko kalma. Aka ce ran Lahadi za a sa shi a horo: a sauke shi daga dattijo, a hana shi gurasa da ƙoƙon jibin Ubangiji, ya koma bencin baya inda mazinata da masu burkutu ke zama. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Na ga kamar ni na ceci ikkilisiya.

Ran Lahadi muka taru a rumfar zana, tunda ginin ya rushe. Baba Kumai bai jira a kira sunansa ba, ya wuce baya da sandarsa ya zauna. Tukunyar tana kan tebur, kowa na kallonta ta gefen ido. Fasto yana ta kewaye-kewaye, ya karanta wannan aya ya koma waccan, har haƙurina ya ƙare. Na miƙe na ce in dai da sunan Yesu muke, tsoron me muke yi? Na ɗauki dutse na buge kaskon.

Ba laya, ba gashin kaza. Wani tsumman farin ƙyalle ne da ƙasa ta cinye, da 'yan ƙasusuwa sirara kamar tsinken tsintsiya.

Daga ɓangaren mata Mama Lucia, matar Baba Kumai, ta tashi da kyar.

"Sunan shi Zamani," ta ce. "Ɗan fari na. Kwana tara ya yi. Dangi suka ce tunda mun bar hanyan gida, ƙasan gida ba zai karɓe shi ba. Coci kuma ba shi da wurin biso a lokacin. Baban shi ya sa shi a tukunya, yadda ake yi wa jariri, ya ce bari ya kwanta inda zai riƙa jin waƙa."

Dutsen yana hannuna har lokacin. Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan ajiye shi. Mutanenmu ba sa kiran sunan ɗan fari ko yana da rai, balle wanda ya mutu. Na san wannan sarai, amma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

Fasto Meshak ya taka har bencin baya. "Baba, ka gafarta mana. Babu horo. Tashi ka koma wurinka."

Baba Kumai ya tashi, amma ba bencin gaba ya nufa ba. Ya je tebur, ya tuɓe rigarsa ta zuwa coci ya rufe bakin tukunyar, ya rungume ta a ƙirji. Sannan ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kaina.

"To, 'yata," ya ce, "yanzu ina zan kai shi?"