Gwajin Kunne

Shekara goma sha ɗaya na yi ina amsa waya a kamfanin nan. Awa tara kullum, mu arba'in a ɗaki guda, kowa cikin ɗan akurkinsa na katako yana ba wanda bai taɓa gani ba haƙuri. Ko banɗaki za ka sai ka danna maɓalli ka nemi izini, kamar ɗan firamare. A wuni nakan yi magana da mutum ɗari da wani abu. In na koma ɗakina kuwa babu mai ce mini sannu, tun da maigidana ya rasu, 'yata kuma ta bi mijinta wani gari mai nisa.

Lasifikar da muke maƙalawa a kai mai kunne ɗaya ce. A dama nake sa tawa, har muryoyi suka fara zuwa mini kamar daga ƙasan rijiya. Ban gaya wa kowa ba, na mayar da ita hagu na ƙure ƙararta. Na san dokar sarai: wanda kunnensa ya taɓu, ɗauke shi ake yi daga kan waya. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, zagin masu kira ya fi mini shirun ɗakina sau dubu.

Sai aka zo da sabon tsari, wai don lafiyarmu. An rage aiki zuwa awa bakwai, kuma kowa sai an gwada kunnensa. Maƙwabciyar kujerata, wadda muke kira Rediyo saboda bakinta ba ya hutawa, ta riga ni shiga. Ta ce abin ba wuya, da ka ji ɗan sauti sai ka danna, kada ka tsaya wani tunani.

Wata ma'aikaciyar jinya, yarinya sa'ar 'yata, ta zaunar da ni a wani ɗan ɗaki mai kauri, ta rufe mini kunnuwa biyu, ta ba ni maɓalli, ta ja ƙofa. Nan take na ji shi, siririn sautin nan irin wanda ke shigowa kafin kowane kira. A wurinmu in ka wuce daƙiƙa uku ba ka ɗauka ba, sai an rubuta ka. Na danna. Ya sake zuwa, na sake dannawa. Har wani daɗi na ji, na ce yau za su ga tsohon hannu.

Ta buɗe ƙofar a hankali, ta durƙusa daidai fuskata.

"Mama, ban kunna na'urar ba tukuna. Tun yaushe kike jin wannan ƙarar?"

Na ajiye maɓallin. Ni duk a zatona kowa ma da ita yake komawa gida.

An mayar da ni ɗakin ajiyar takardu, ni kaɗai da fanka. Shugabarmu ta ce na huta, Rediyo ta ce ta yi mini murna. Ban ji na huta ba, ji na yi an kore ni daga cikin mutane.

Ranar farko ƙarfe uku na isa gida, da sauran rana, ban san me ake yi da irin wannan lokacin ba. Ina zaune bakin gado 'yata ta kira. Na kara wayar a hagu, na mayar dama, na sake dawo da ita hagu. Tana ta ba ni labari tana dariya, rabi yana isowa, rabi yana ɓacewa a hanya.

"Mama, kina jina kuwa?"

"Ina jin ki," na ce. "Ci gaba, kada ki kashe."