Kwanon Kunun Baba Edward

"Kowa ya ja baya. Kar wanda ya ƙara taka bakin ƙofar nan."

Matar da ta yi maganar ba ta ɗaga murya ba, amma tsakar gidan ya yi tsit. Sufeto Mahbuba ce, daga sashen 'yan sanda masu binciken wurin da aka tsinci gawa. Tana magana tana zura safar roba a hannu, wani kurtu kuma yana ɗaure tef mai ruwan ɗorawa daga ƙusar igiyar shanya zuwa tagar ɗakin Baba Edward.

Ni'ima na tsaye a bakin nata ɗakin, ta cusa hannuwa a cikin hijabi.

Gidan haya ne mai ɗaki takwas a Fagge, lungu biyu daga Titin Ibrahim Taiwo. Ni'ima tela ce, shekararta shida a gidan, bango ɗaya ne tsakaninta da Baba Edward. Shi mutumin Zariya ne, ya koyar da lissafi a Sabon Gari har ya yi ritaya, matarsa ta rasu, ya ƙi komawa gida. Bara da hawan jini ya kayar da shi, 'yarsa Julie, ma'aikaciyar jinya a Kaduna, ta damƙa wa Ni'ima mukullin ɗakin.

"Anti, ko gaisuwa ce kawai da safe. In ji dai an gan shi."

"Haba Julie," in ji Ni'ima a lokacin, "ai Baba ubanmu ne duka."

Ta kuwa riƙe alkawari. Kullum da safe sai ta kai masa kunun gyaɗa a kwanon silba, kashegari ta ɗauko kwanon ta kai wani. Haka aka yi ta yi har ran Talatar nan, da ya leƙo ɗakinta yana tsotsar haƙori, ya tarar da ƙawayen amarya sun zo gwajin anko. Ya dubi rigar da ke kan keke, ya ce da muryar nan tasa ta aji, "Ni'ima, wannan layin bai miƙe ba." 'Yan matan suka kwashe da dariya, ɗaya ta ce sai an farke mata tata. Ran Laraba Ni'ima ba ta je ɗakinsa ba. Alhamis ma ba ta je ba.

Yau Juma'a da hantsi, ƙudaje ne suka cika tagarsa, ga wari. Da ta buɗe sai ta gan shi a kife tsakanin gado da bango, jini ya bushe a siminti daidai kansa, zanen da ya ɗaura ya kwance. Ba ta yi ihu ba tukuna. Ta toshe hanci da bakin hijabi, ta juyo shi rigingine, ta lulluɓe shi. Ta ɗebo ruwa da tsumma ta goge jinin. Sannan idonta ya faɗa kan tebur, inda kwanonta yake tun Talata, sauran kunun ya bushe ya yi funfuna. Ta ɗauke shi, ta kai ɗakinta ta wanke tas ta kife. Sai a sannan ta fito tana salati.

"Ke kika fara ganinsa?" Sufeto ta tambaye ta.

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Yaushe rabonki da shi da rai?"

Duk matan gidan suna kallonta, kuma kowa ya san ita aka bar wa amanar.

"Jiya da safe," in ji Ni'ima. Maganar ta fito kafin ta yi shawara da zuciyarta.

"Kin taɓa wani abu a ɗakin?"

"Lulluɓe shi kawai na yi."

Sufeto ta rubuta, ta shiga. Ba ta yi minti biyar ba ta fito ta kira sajan ɗin da suka zo tare, suka yi ƙus-ƙus. Sajan ya juyo ya fuskanci mutane.

"An goge jini a ɗakin nan, kuma ƙofar irin mai kulle kanta ce in an ja. Wa ya zo ƙofar nan daga jiya da safe zuwa yau?"

Aka yi ta kallon juna. Can wata ta ce a hankali, "Jimoh dai mun ji yana buga ƙofar jiya da la'asar. Da ƙarfi ma."

Jimoh mai yadi ne a Kantin Kwari, haifaffen Fagge, ɗakinsa na kusa da zaure. An kira shi a waya ya bar shago a buɗe ya taho. Ya dafa ƙirji.

"Yallaɓai, maganinsa na karɓo masa a Sabon Gari, shi ya aike ni tun Litinin. Na buga, na buga, shiru. Na ɗauka coci ya tafi. Wallahi ban shiga ba, maganin ma yana ɗakina."

"Zauna nan," in ji sajan, ya nuna masa benci. "In an gama za ka bi mu ofis."

Matar Jimoh, Sherifat, ta ɗora hannu a ka. Ni'ima ta sunkuyar da ido. Ta ce a ranta, yanzu za su gane ba shi ba ne, su sake shi, magana ta wuce.

Fiye da awa ɗaya Sufeto Mahbuba tana ɗakin, ta ƙofa Ni'ima take hango ta. Ba ta motsa komai sai ta ɗauki hotonsa, daga nesa, daga kusa, da ɗan ma'auni a gefe. Ta barbaɗa wata baƙar hoda a hannun ƙofa, ta manna tef ta ɗago zanen yatsu. Ta goga auduga a tsagar siminti ta sa a kwalba, ta rubuta ranar da wurin a jiki. Ta durƙusa ta daɗe tana haska ƙasan bango da tocila. A waje kuwa rana ta take, kurtu ya shafa wa yatsun Jimoh tawada yana danna su a takarda ɗaya bayan ɗaya, maƙwabta sun cika zaure suna leƙe. Jimoh ya rasa inda zai sa baƙin hannunsa, sai ya ɗora shi a gwiwa ya buɗe.

Da aka fara kiran sallar Juma'a a masallacin unguwa, Sufeto ta fito ta yafito Ni'ima, ta miƙa mata takunkumi.

"Tsaya nan bakin ƙofa, kar ki shigo. Malama, zan faɗa miki abin da na gani, ke kuma ki taimake ni." Murya ƙasa-ƙasa take magana. "In mutum ya mutu, jininsa yakan gangara ya kwanta a ɓangaren da ke ƙasa, wurin ya yi duhu. Na Baba a ƙirji da ciki ya kwanta. Ke nan a kife ya mutu, ya daɗe a haka, daga baya aka juya shi. Gawa kuma takan sandare, sannan ta saki. Tasa ta saki tuni, ƙwan ƙuda har ya ƙyanƙyashe. Likita ne zai yanke, amma ko da zafin nan, ban ga mutumin da ya amsa gaisuwa jiya da safe ba."

Ni'ima ta kau da ido daga gawar.

"Dubi tebur," in ji Sufeto. A kan ƙurar teburin akwai da'ira fes, gefenta da danƙon abin da ya zube ya bushe, kiyashi na ta zagaya ta. "An ɗauke kwano a nan yau."

Sannan ta haska ƙasan bangon, bangon da ke tsakaninsa da ɗakin Ni'ima. Kamar taƙi ɗaya daga ƙasa fenti ya ɓantare a wuri guda, ƙanana-ƙanana, sun fi ashirin. A ƙarƙashin gado, inda hannu zai iya kaiwa, cokali ne a yashe, bakinsa da farin fenti.

"Bai mutu nan take ba. Ya yi ta buga bangon nan. Wa ke ɗaya gefen?"

Ni'ima ta sani. Ran Laraba da hantsi ta ji wani abu ya faɗi tim, can kuma ta fara jin ƙas, ƙas, ƙas. Tana kan farke rigar da ya sa aka ce ta farke. Ta yi tsaki ta ce tsohon nan ba ya rabo da ƙusa da guduma, ta taka keke da ƙarfi don ƙararsa ta rufe. Kafin azahar bugun ya daina.

Ta cire takunkumin. Ba Sufeto ta fuskanta ba, tsakar gida ta juya.

"Ku sake shi," ta ce, muryarta na karyewa. "Ku saki Jimoh, ba ruwansa. Ƙarya na yi. Rabona da Baba tun Talata. Ni na juya shi, ni na goge jinin, ni na ɗauke kwanona don kar a san kwana biyu ban leƙa shi ba. Ran Laraba na ji yana buga bango, na ƙi tashi."

Huɗuba na tashi daga lasifikar masallaci. Sherifat ce ta taso ta tsaya a gabanta.

"Ni'ima, awa biyu? Awa biyu kina tsaye kina kallon mijina a bencin nan?"

"Rabu da ita," in ji Jimoh. Bai dubi Ni'ima ba. Ya je famfo yana ta cuɗa yatsunsa da sabulu, tawadar ta ƙi fita.

A ofis Ni'ima ta ba da bayani aka rubuta, ta sa hannu. Sufeto Mahbuba ba ta yi mata tsawa ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Da kin bar ɗakin yadda kika same shi, da minti ashirin ya ishe ni in ga faɗuwa ce. Tsummanki ne ya mai da shi kamar wurin kisa." Bayan kwana huɗu sakamakon likita ya fito: jijiya ce ta fashe masa a ka, ya faɗi ya bugi ƙarfen gado, ya ɗauki wasu sa'o'i kafin rai ya yi halinsa. Aka rufe bincike, aka ja wa Ni'ima kunne aka sallame ta.

An kai Baba Edward Zariya aka binne shi kusa da matarsa. Ni'ima ba ta je ba. Kekenta ma ta lulluɓe shi, ankon ta mayar wa masu shi ba a gama ba. In za ta fita sai ta saurara ta ji ko Sherifat na tsakar gida.

Ran Asabar ta sama Julie ta zo kwashe kaya. Ni'ima ta ji motsinta ta bango, ta daɗe zaune a bakin katifa, sannan ta ɗauki mukullin ta fita. An wanke ɗakin, yana warin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Julie na durƙushe tana jera littattafan lissafi a kwali.

"Julie, sannu da haƙuri. Ga mukulli." Ta ajiye shi a kan tebur. "Akwai maganar da nake so ki ji daga bakina."

"Na karanta a ofishinsu, Anti. Duka na karanta."

"Ki bari in faɗa duk da haka."

Ta faɗa, tun daga rigar anko har zuwa kwano. Julie ba ta katse ta ba, ba ta kuma daina jera littattafan ba. Da Ni'ima ta gama, sai Julie ta zauna a kan diddigenta.

"Ran Laraba na kira wayarsa sau biyu, bai ɗauka ba. Na ce ai Anti na nan." Ta share ido da bayan hannu. "Ba zan ce miki komai yau ba. Ban san abin da zan ce ba."

Ni'ima ta gyaɗa kai, ta juya za ta fita. Julie ta miƙe ta yaye zanen gadon, babba ne, ya fi ƙarfin hannu biyu. Ta yi ƙoƙarin naɗe shi ita kaɗai, gefe ɗaya na jan ƙasa. Sai ta miƙo wa Ni'ima wancan bakin ba tare da ta dube ta ba.

Suka ja baya, zanen ya miƙe a tsakaninsu. Suka ninka shi biyu, suka sake ninkawa. Ni'ima ta tako ta kawo nata gefen, Julie ta karɓa daga yatsunta, ta sa a kwali.