Shekarar Ƙarambau

Malam ya shekara goma sha ɗaya yana koyar da 'yan aji biyu, ya sha tarinsu da majinarsu bai taɓa kwanciya ba, sai ranar da 'yarsa ta cika kwana ashirin a duniya ya wayi gari da ƙuraje har cikin gemu. Ya tsaya gaban madubi ya dage cewa cizon sauro ne. Auta, matarsa, ta ɗaga masa riga ta duba bayan, ta ce in dai sauro ne to ya gayyato danginsa kaf. Sai a lokacin ya tuna cewa yara uku a ajinsa sun yi ƙarambau makonni biyu da suka wuce.

Nan take ta tattara shi zuwa ɗakin baƙi da kofinsa da tawul ɗinsa da ƙaramar fanka, ta ja ƙofa. Ƙato mai shekara talatin da shida ya dinga nishi daga ciki, yana tambaya ko tabon zai zauna masa a fuska. Da a wata rana ce da ta yi dariya har ta ƙoshi. Amma kwana biyun nan a kan ƙirjinsa jaririyar take barci, har yana cika baki wai shi kaɗai ya iya ta.

Ta kira nas ɗin da ta karɓi haihuwarta. Nas ba ta ɓata lokaci a kan Malam ba, ta ce ya sha ruwa, ya yanke farce, ya je likita ya gan shi, ya kuma bar raki. Abin da take son ji shi ne ko ita Auta ta taɓa yin ƙarambau. In ta yi, jaririyar ta fito da 'yar kariyarta tun daga ciki, sai a zuba mata ido. In ba ta yi ba, yau ɗin nan za a kawo su asibiti su biyu, don akwai abin da ake bayarwa kuma ba ya jiran a gama shawara.

Auta ta ce ta yi mana. Ai duk wanda ya san gidansu ya san shekarar ƙarambau, lokacin da cutar ta bi yaran gidan ɗaya bayan ɗaya, Baba ya sayo farin maganin shafawa katan guda, aka jera su a tsakar gida fari fat kamar an zazzage su daga buhun fulawa. Ba a taro a gidansu a watse ba a ba da labarin nan ba.

"Kin tuna da kanki ne, ko ji kika yi?" in ji nas.

 Auta ce ta bakwai a gidansu, kuma da ta laluba, ba ta ga kanta a cikin layin ba. Nas ta ce ta tabbatar kafin ƙarfe biyu.

Wayar Mama a kashe, kamar kullum, tana can ƙasan jaka tana hutawa. Ta kira babbar yayarsu, wadda ba ta taɓa cewa ban sani ba tunda aka haife ta. Yaya ta ce Auta ta yi, har ma ta fi kowa susa, sai da aka saka mata safa a hannu. Hankalin Auta ya fara kwanciya, sai ta yi kuskuren tambaya a guruf ɗin 'yan gida. Wani yayansu ya ce mai safar ba Auta ba ce, wadda Auta take bi ce. Mai safar ta ce ita ba a taɓa saka mata safa ba, kuma a daina ɓata mata suna. Kafin rabin awa an yi saƙo arba'in, an bar ƙarambau an koma kan wanda ya fasa gilashin tagar Baba.

Auta ta shiga banɗaki da ƙaramin madubi tana neman tabo a jikinta. Ta samu na allura a dantse da na ƙunar dutsen guga a gwiwar hannu, shi ke nan. Ta dawo ta tarar da jaririyar tana barcinta hankali kwance, hannu biyu sama, tsoro ya kama ta sosai.

Ƙarfe ɗaya saura sai ga Mama da kwanon abinci, ta ji labarin surukinta a bakin Yaya. Ta gaishe shi ta bayan ƙofa, ta tambaye shi ina ya ɓuya lokacin da sa'o'insa suke yin nasu. Malam ya amsa da muryar wanda ake yi wa wankan ƙarshe. Auta ba ta bari ta zauna ba ta jefa mata tambayar.

Mama ta ajiye kwanon, fuskarta ta washe.

"Ke? Ko ƙwaya ɗaya. Ai da ƙafata na tsere da ke."

Ta samu wuri ta zauna ta ba da labarin da ba a taɓa tambayarta ba. Auta tana wata huɗu lokacin. Ranar da ƙurajen suka fito wa na farkon, Mama ta naɗe ta ta kai ta gidan ƙanwarta, can ɗaya ƙarshen garin. Wata guda da rabi tana jinyar yara shida a nan, tana zuwa can ba da nono sau uku a rana, kuma duk zuwa sai ta yi wanka ta sake kaya. Takalmi biyu ta kashe a hanyar. Mutane suka ce wahalar banza take yi, amma ga shi nan, fatar Auta sumul, kowa ya duba.

Auta ta faɗa mata abin da nas ta ce. Ta faɗa a hankali, amma ba yadda za ta lanƙwasa maganar ta yi daɗi. Mama ta dubi jaririyar ta daɗe, murmushin ya tafi. Ta miƙe ta fara cusa kayan jaririya a jaka, ta cusa har da abin da ba a buƙata.

A asibiti aka ɗebi jinin Auta, likita ya duba jaririyar, ya ce sun zo a kan lokaci. Za a ba su abin da ya kamata, sai a raba su da Malam har ƙurajensa su bushe, a kuma riƙa duba jikin jaririyar na wasu makonni, in an ga zazzaɓi ko ƙurji a dawo da gudu. Da nas ta zo wucewa, Mama ta riƙo gefen rigarta.

"'Yar nan, ki gaya min gaskiya. Da na bar ta ta kamu, da yanzu jikata ba ta nan wurin ko?"

"Mama, 'yar wata huɗu? Da ni ce nas ɗinki, abin da kika yi shi zan ce ki yi."

Mama ta gyaɗa kai, ta share ido da bakin mayafi, ta ce fankar asibitin ce take sa mata hawaye. Ta karɓi jaririyar ta kwantar a cinya, ta juya ta wajen hasken taga. Ta ɗaga 'yar rigar ta bi cikin da ɗan yatsa, ta duba bayan kunne, ta buɗe naɗin wuya da hammata, ta bi tsakanin yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ba ta tsallake ko'ina ba. Auta tana danne da auduga a hannu tana kallo, tausayin uwarta ya cika ta. Hannun Mama ba yau ya koyi wannan dubawar ba.

"Gidana za ku kwana," in ji Mama, ba ta ɗago ba. "Wannan karon gudun ba mai nisa ba ne."