Kiyashin Makewayi

"Buɗe hannunki."

"Dada, ba komi ba ne."

"Na ce ki buɗe! Mi kinka ɓoye cikin mayahi da sassahe haka?"

Hanifa ta buɗe. 'Yar kwalbar maganin tari ce, an wanke ta, cike da ruwa rawaya mai sauran ɗumi. Surukarta ta sunkuya ta shinshina, ta ja da baya kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

"Hitsarin ɗana? Innalillahi! Ga wane boka za ki kai shi?"

"Asibitin Mafara zan kai, Dada, a auna."

"A auna. Shinkafa ce?" Dada ta ɗaga murya yadda za ta tsallake katanga. "Jama'a ku zo ku gani! Wata huɗu ina cewa hannu ne, ana ce mini tsufa ke damuna!"

Kawunan mata biyu suka ɓullo ta saman katanga. Hanifa ta dubi ƙofar ɗakinta, tana jiran muryar mijinta Jatau. Ta san idonsa biyu. Labulen bai ko motsa ba. Ta damƙe kwalbarta ta fice, zagin Dada na bin ta har bakin titi.

* * *

A bayan babur, daga Bakura zuwa Talata Mafara, iska ce ta yi ta share mata hawaye. Wannan Jatau ne ya goya ta a bayansa ranar da hari ya sa suka gudo daga Gidan Goga, tana da tsohon ciki, yana ce mata ta rufe ido. Yau wandonsa sai an ƙara masa ƙulli. Ya kan shanye buta guda bai kashe ƙishi ba, fitsari kuma babu ƙaƙƙautawa. Fartanya ta ɗan yanke shi a babban yatsa a gonar shinkafa, ciwon ya ƙi rufewa, har takawa ta gagara.

Dada ta ce sammu ya taka. Ta sayo masa magani wurin wani mai lasifika a kasuwa, garin saiwa da ake kwaɓawa da zuma, cokali uku safe da yamma. Zancen asibiti kuwa ta hana, shi ma bai musa ba.

Hanifa ce ke zubar da gwangwanin fitsarinsa a makewayi. A nan ta lura da kiyashi. Duk inda ta zubar, kafin rana ta ɗaga sun yi baƙi a wurin, ba sa kula sauran gefen.

Safara'u, ma'aikaciyar ɗakin gwaji, ajinsu ɗaya a firamare. Da Hanifa ta ba ta labarin kiyashin, sai ta tsoma wani siririn tsinken takarda a kwalbar, suka zuba masa ido. Kan tsinken ya tashi daga shuɗi ya koma ruwan ƙasa.

"Ƙawata, akwai suga, da yawa ma," in ji ta. "In ya cika a jini har ƙoda ta kasa riƙewa, sai ya zubo ta hitsari. Shi ne kiyashinki suka gano kafin mu."

"Ke nan ciwon suga ne?"

"Alama ce mai ƙarfi, amma hitsari ba ya yanke hukunci. Sai an ɗibi jini a yatsa, da sahe, bai ci komi ba. Ki kawo shi gobe, likita ya ga ƙafar nan. Mi yake sha yanzu?"

"Zuma."

Safara'u ta ajiye abin rubutunta. "A daina ba shi tun yau, ƙara mai suga take."

* * *

Da la'asar ta tarar an fito da Jatau inuwar darbejiya. Kwanon zumar na gefen tabarma. A ƙofar ɗakinta kuwa ga kayanta a ɗaure cikin zanin gado.

Ta durƙusa gabansa, ta miƙa tsinken da ta naɗo a takarda, ta faɗi duk abin da aka gaya mata.

Dada ta leƙa. "Shuɗi ne ya koma haka? A hannunki? To ai kin kawo shaida da kanki."

"Baban Hussaina," Hanifa ta ce da mijinta, "kai ma ka yarda ni ce?"

Bai dube ta ba. "Hanifa, don mi ba ki tambaye ni ba kafin ki ɗiba?"

"Sau nawa na roƙe ka mu tai?"

"Ban ce ke ce ba. Amma mutum in ya daɗe kwance, babu abin da bai tunani."

Da marinta ya yi da ya fi mata sauƙi. Shekara shida tana gane tafiyarsa tun daga zaure, ashe watannin nan yana kwance yana kallon hannunta duk lokacin da ta zuba masa tuwo.

Jatau ya kai hannu zai ɗauki kwanon, sai ya tsaya. Layin kiyashi ne ya taso daga gindin katanga ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya hau bakin kwanon zuma, ɗayan ya zagaya bayan tabarma, ya nufi gwangwaninsa. Ya bi su da ido har ƙarshe, ya janye hannunsa.

Dada ma ta gani. Ta gyara ɗaurin zani. "To a tai. Amma da sharaɗi. In sun soki yatsanka ba su ga komi ba, daga can ta wuce wurin danginta. Ba ta sake taka gidan ga."

Hanifa ta sunkuyar da kai. A cikin ranta ta ji wata addu'a na tasowa, ta tsorata da ita, amma ba ta iya tsayar da ita ba. Tana roƙon Allah a sami ciwon a jinin mijinta.

Jatau ya ture kwanon da bayan hannu.

"Na yarda da sharaɗin, Dada. Gobe kada a dama mini kunu. Kayanta kuma a bar su ɗaure sai mun dawo."